Darasi na Tara: Injin da Ke Magana da Waya, da Yadda Ake Tsare Shi

MANUFOFIN DARASI

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin aikin na'urar awo a jikin inji, da hanyar da bayananta ke bi har su iso waya;
2. lissafa ribar da mai sana'a zai samu daga waɗannan bayanai;
3. gane ƙofofin da ɓata-gari ke bi su shiga, da yadda ake rufe su;
4. ci gaba da aikinsa ko da sabis ya ɗauke ko an yi masa kutse.

1. INJIN DA KE KAI RAHOTO

Duk wanda ya daɗe yana aiki da injin niƙa ya san muryarsa. Kafin bel ya tsinke akwai ƙarar da yake yi. Kafin boris ya ci, tafin hannu na jin zafinsa a jikin ƙarfe. Tsofaffin masu inji a Batsari da Ruma da Safana da Runka da kunne da hannu suke awo, kuma sau da yawa ba sa kuskure. Sai dai mutum yakan gaji, yakan yi barci, yakan tafi masallaci ko kasuwa. Inji kuwa ba ya jiran a dawo kafin ya lalace.

Wannan giɓi ne na'urar awo ta zo ta cike. 'Yar ƙaramar aba ce, wata ba ta kai akwatin ashana ba, ana liƙa ta a jikin inji ko tanki ko firji. Abu guda take aunawa: zafi, ko girgiza, ko yawan ruwa, ko wutar da ake sha. Idan aka haɗa ta da layin waya ko waifai, sai ta riƙa aika abin da ta auna zuwa wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ƙera ta, daga can kuma ya faɗo cikin wayar maigida. Ku riƙe wannan da kyau: saƙon ba daga inji yake zuwa wayarka kai tsaye ba, yakan ya da zango a hannun wasu tukuna.

Kada wani ya ce wannan zancen manyan masana'antun Kano ne ko na Turai. Gaskiya ne a can abin ya fi yawa. Ko a nan jiharmu ta Katsina, a Lambar Rimi, an kafa fankokin samar da lantarki daga iska guda 37, masu ƙarfin megawat 10 gaba ɗaya, kuma irin waɗannan fankoki da na'urar auna ƙarfin iska da inda ta fuskanta suke aiki. Amma ku duba kusa da ku. Inbatar sola da ke nuna cajin batir a waya, da kyamarar tsaro a shagon hatsi, da firjin allurar rigakafi da dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, da tankin rijiyar burtsatse da ke kashe kansa in ya cika, duk dangi ɗaya ne.

AKWATIN KALMOMI (1)
Na'urar awo: abin da ke auna halin da inji ko wuri yake ciki, ya mayar da shi lamba. Masu gyara na kiranta sansa.
Bayanai: lambobin da na'urar ke tarawa da lokacin da ta tara su. Ba datar da ake saya a waya muke nufi ba.
Manhaja: umarnin da aka rubuta a cikin na'ura ko waya, wanda take bi wajen aiki.

2. INA RIBAR TAKE?

Lamba ita kaɗai ba ta da amfani sai an zauna an karanta ta. Bari mu gani da lissafi.

Misali na farko. Mu ɗauka wani mai injin casar shinkafa yana da janareta mai shan lita 5 na gas a awa ɗaya. Ya sa na'ura biyu: ɗaya tana ƙirga awannin da janareta ya yi a kunne, ɗaya tana ƙirga awannin da injin casa ya yi yana aiki. Bayan mako guda ya duba, ya ga janareta na yin awa 9 kullum, injin casa kuwa awa 7.

Bambanci: 9 − 7 = awa 2.
Gas ɗin da ke ƙonewa a banza kullum: 2 × 5 = lita 10.
A kwana 26 na aiki: 10 × 26 = lita 260.
In mun ce lita ɗaya naira 1,000 ce, asarar wata guda ta kama naira 260,000.

Ku lura, ba lallai ne a ce wani ya ci amana ba. Wataƙila yaran injin na barin janareta a kunne ne lokacin da suke jiran mai kawo shanshera, ko lokacin cin abinci. Da maigida bai ga lambobin ba, da zargin satar gas zai yi, ya kori yaron da bai ji ba bai gani ba. A ganina wannan riba ta fi ta kuɗin: bayani na gaskiya yana raba maigida da zato, yana kare mutuncin ma'aikaci.

Riba ta biyu ita ce gyara kafin lalacewa. Idan boris ya saba tsayawa a digiri 50, sai aka ga yau 58, jibi 66, to ba sai an jira ya kama da hayaƙi ranar kasuwa ba. A sa masa giris ko a canza shi da yamma bayan an tashi. Kuɗin boris kaɗan ne in aka kwatanta da na naɗin koyil da ya ƙone, ga kuma kwanakin da za a yi ana jiran a kawo kaya daga Katsina ko Kano, masu kawo niƙa sun koma wurin maƙwabci.

3. WA KUMA KE SAURARE?

Mutanen yankinmu ba sa buƙatar dogon bayani a kan illar mai kai rahoto. Garuruwan da ke bakin dajin Rugu sun ɗanɗana abin da infoma ke jawowa: wanda ya san ranar da aka sayar da shanu, da gidan da kuɗin ya kwana. Na'urar awo ita ma mai kai rahoto ce. Ba ta san fuskar maigida ba. Duk wanda ke riƙe da mabuɗinta, shi take yi wa aiki.

Idan mabuɗin ya faɗa hannun da bai dace ba, mafi sauƙin ɓarna shi ne leƙe. Kyamarar da ka sa don ta tsare sito, ita za ta nuna wa wani yawan buhunan da ke ciki, da lokacin da mai gadi ke barci, da lokacin da kake ƙirga ciniki. Ko lissafin wuta kaɗai yana tona asiri, domin ranar da inji ya kwana yana aiki an san kuɗi sun shigo. A wurinmu wannan ya wuce maganar dukiya, maganar rai ce.

Sama da leƙe akwai sa na'ura ta yi ƙarya. A shekarar 2010 aka gano wata muguwar manhaja da ake kira Stuxnet, wadda ta shiga tashar tace makamashin nukiliya ta Natanz a ƙasar Iran. Ta riƙa canza gudun injinan tacewa har suna lalacewa, alhali allon da ma'aikata ke kallo yana nuna musu komai lafiya lau. Na kawo wannan ne don ku san cewa allo na iya cewa lafiya alhali ba lafiya. Saboda haka kada kunnenku da tafin hannunku su yi ritaya don an sa na'ura.

Mafi muni shi ne mai kutse ya samu ikon ba inji umarni, ya kunna ko ya kashe daga nesa, ko ya kulle komai ya ce sai an biya shi.

AKWATIN KALMOMI (2)
Kutse: shiga na'ura ko asusun wani ba da izininsa ba.
Kalmar sirri: haruffa da lambobin da ke buɗe na'ura ko asusu. Ita ce mabuɗi.
Kalmar sirrin kamfani: wadda na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta, iri ɗaya a kan dubban na'urori.
Manhajar garkuwa: wadda ke kulle bayanai ko kwamfuta har sai an biya kuɗin fansa.

4. ƘOFAR DA AKA FI BARI A BUƊE

Da yawa suna zaton mai kutse wani gwani ne da ke fasa katanga. Mafi yawan lokuta ƙofa yake tararwa a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Nuwamba na 2023, masu kutse suka shiga na'urar da ke daidaita ƙarfin ruwa a wata tashar famfo ta garin Aliquippa, wani ƙaramin gari a Amurka. Bayan abin ya faru, hukumar tsaron intanet ta ƙasar ta gargaɗi masu irin wannan na'ura su gaggauta canza kalmar sirrin da take zuwa da ita daga kamfani. Kalmar ita ce 1111. Haka kuma a 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta kama ɗaruruwan dubban kyamarori da rautoci (na'urorin raba waifai) a faɗin duniya. Makaminta jerin sunaye da kalmomin sirrin kamfani ne kimanin 60, tana gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan duk na'urar da ta tarar a intanet. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka yi amfani da na'urorin da ta kama aka toshe manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Masu kyamarorin ba su ma san da kayansu aka yi aikin ba.

Abin da nake so ku fahimta a nan shi ne, irin wannan manhaja ba ta tambayar sunan gari. Ba ta san Landan ba, ba ta san Wagini ba. Lambobi take bi, duk ƙofar da ta buɗu ta shiga. Don haka cewa "wa zai damu da ɗan injina a ƙauye" ba kariya ba ce.

Misali na biyu. Kalmar sirri mai lamba 4 tana da hanyoyi 10,000, daga 0000 zuwa 9999. In ta koma lamba 6, hanyoyin sun zama 1,000,000, wato ninki 100. Kowace lamba ɗaya da aka ƙara tana ninka wahalar mai gwaji sau 10, in kuma aka gauraya da haruffa ninkin ya fi haka nesa. Saboda haka tsawo ya fi komai. Zaɓi kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka haɗa su da lamba. Kada ka sa sunan ɗanka, ko shekarar haihuwarka, ko lambar wayarka, domin duk maƙwabci ya san su. Rubuta ta a littafi ka ajiye inda kake ajiye takardun gona, ba a bangon ɗakin inji ba. In manhajar na ba da damar a riƙa turo maka lambar tabbatarwa a waya duk lokacin shiga, kunna wannan damar. Kuma lambar da aka turo, ko wa ya kira ya ce daga kamfani yake, kada ka karanta masa.

5. MAI GYARA, TSOHON YARO DA FILASH

Nan ne wurin da ya fi wuya, domin ya shafi kunya da zumunci. Galibi wanda ya haɗa maka sola ko kyamara, da wayarsa yake buɗe asusun, da lambarsa yake rajista. Ya gama ya tafi, amma har gobe yana ganin abin da kake gani. Ba cewa muke mugu ne ba. To amma wayarsa na iya ɓacewa, ana iya ƙwace ta a hanya, yana iya ba ƙanensa. Haka yaron da ya bar aiki bara, in ba a canza kalmar sirri ba, yana nan da mabuɗi a aljihu. Da ɗan gari akan ci gari, wani lokaci ma ba da saninsa ba. A 2013 an sace bayanan katin banki kimanin miliyan 40 daga kantunan Target na Amurka, kuma ɓarayin da mabuɗin wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri suka shiga.

Ga yadda za a yi maganar ba tare da an ɓata wa kowa ba.

Misali na uku.
Maigida: Injiniya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kafin ka wuce, ina so mu mayar da asusun nan kan lambata.
Mai gyara: Alhaji, ai da ka bar shi a wurina, in wani abu ya taso sai in duba maka daga Katsina, ba sai na zo ba.
Maigida: Gaskiyarka. Duk ranar da ake buƙata zan buɗe maka, in ka gama in rufe. Ka ga ko wani abu ya faru, ba wanda zai ambaci sunanka.
Mai gyara: Wannan haka yake, ranka ya daɗe. Kawo wayar in nuna maka inda ake canzawa.

Ku lura da hujjar da maigida ya kawo. Rufe ƙofar yana kare mai gyaran ne shi ma daga zargi, kuma mai gyara na ƙwarai zai yi murna da haka.

Sai filash. Ana kyautata zaton ta filash Stuxnet ta shiga Natanz, wurin da ba a haɗa da intanet ba. Kwamfutar da ke kula da inji ba ta tura finafinai ba ce, ba ta cajin waya ba ce.

6. RABA JI DA UMARNI

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ta zauna muku fiye da sauran. A gidan Bahaushe baƙo na tsayawa a zaure, ba ya zarcewa cikin gida. Haka ya kamata wurin sana'a ya kasance. Waifai ɗin da yara da abokan ciniki ke hawa daban, hanyar da na'urorin inji ke bi daban. Rautoci da yawa suna da wurin buɗe layin baƙi, in kuma babu, a sa wa na'urorin layin waya nasu na kansu.

Sannan kafin ka sayi kowace na'ura, tambayi mai sayarwa: wannan faɗa mini kawai take yi, ko ana iya ba inji umarni ta cikinta? Mafi yawan ribar da muka lissafa a sashe na 2 daga ji take zuwa. Mafi yawan haɗarin kuma daga umarni yake zuwa. Mai injin casa ya gano asarar lita 260 ba tare da ya taɓa kashe janareta daga waya ba. In ba ka da ƙwaƙƙwaran dalilin kunna inji daga nesa, a rufe wannan damar. Abin da ke tsayar da inji lokacin haɗari kuwa, ya zama makunni ne na hannu, ja, a inda kowa zai kai gare shi.

7. SABUNTAWA

Manhaja na tsufa. Masu mitar kati ta KEDCO sun ga haka: an buƙaci a shigar da wasu lambobi na musamman kafin 24 ga Nuwamba 2024, domin ma'aunin mintocin da tsarin katin ke ƙirgawa tun daga farkon 1993 ya zo ƙarshe, mitar da ba a sabunta ba kuma za ta daina karɓar sabon kati. Na'urar awo ma haka take, kamfani kan gano ɓaraka ya aiko da gyara. A karɓa daga cikin manhajar kamfanin kaɗai, ba daga saƙon da wani ya turo a WhatsApp ba. Na'ura mai arha wadda ba a san maƙerinta ba, ba mai aiko mata gyara har ta mutu.

8. RANAR DA BABU SABIS

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Batsari da Safana na ciki, kuma sai a watan Disamba aka fara maido da su. Yawancinku kun tuna yadda masu POS suka tsaya cik, da yadda ake yin tafiya mai nisa don kiran waya ɗaya. Yanzu ku ɗauka a lokacin famfon unguwarku ba ya tashi sai an taɓa waya. Wata uku ke nan babu ruwa.

Wannan jarrabawa ce da yawancin mutanen manyan birane ba su taɓa yi ba, mu kuwa mun yi ta. Kuma maganin ɗaukewar sabis shi ne dai maganin kutse. Abin da ya ceci mutanen Aliquippa shi ne ma'aikata sun kashe na'urar suka koma sarrafa famfo da hannu, ruwa bai yanke ba. A watan Maris na 2019 manhajar garkuwa ta kulle kwamfutocin kamfanin alminiyam na Norsk Hydro a ƙasar Norwe. Kamfanin ya ƙi biyan fansa, ya koma aiki da hannu da takarda da biro, ya dawo da bayanansa daga kwafin da ya ajiye. Ya yi asara mai yawa, amma bai durƙushe ba.

Saboda haka a kowane wurin sana'a a samu aƙalla mutum biyu da suka iya tafiyar da inji ba tare da waya ba. A riƙa kwafe muhimman lambobi cikin littafi duk mako. Sau ɗaya a wata a cire intanet da gangan na rabin yini, a ga ko aiki zai tafi. In kuma ka ga alamar kutse, kamar kalmar sirrinka ta ƙi buɗewa ko inji na kunna kansa, fara cire layin ko rauta, ka koma hannu, sannan ka canza kalmomin sirri daga wata waya daban.

Dokar Najeriya ma ta san da zancen. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin tsare su. Idan kyamararka na ɗaukar ma'aikata, ko suna dangwala yatsa lokacin shiga aiki, ka sanar da su, kuma amana ce a wuyanka.

TAMBAYOYIN BITA

1. Da kalmominka, mece ce na'urar awo? Kawo misali biyu daga garinku.
2. Janareta na shan lita 4 a awa. Yana yin awa 10 a kunne, inji na aiki awa 7. Lita nawa ke tafiya a banza cikin kwana 25?
3. Me ya sa kalmar sirrin kamfani take da haɗari? Me ya faru a Aliquippa?
4. Kalmar sirri mai lamba 5 hanyoyi nawa take da su? Sau nawa ta ninka mai lamba 4?
5. Bayyana bambancin na'urar da ke faɗa maka kawai da wadda ke karɓar umarni. Wacce za ka zaɓa wa famfon unguwa, kuma me ya sa?
6. Ta yaya bayanan kyamara ko na wuta za su jefa mai sana'a cikin haɗari a yankinmu?
7. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya maigida ko uwargida, ɗaya mai gyara, ku gwada maganar mayar da asusu ba tare da an ɓata wa juna rai ba.

AIKIN GIDA

Kafin zama na gaba, kowa ya je wurin sana'arsa, ko na wani ɗan'uwa da izininsa, ya rubuta duk na'urar da ke magana da waya. A gaban kowace ɗaya a rubuta mutum nawa ne ke iya buɗe ta, da ranar ƙarshe da aka canza kalmar sirrinta. Ku zo da littafin aji, amma kalmar sirrin kanta ku bar ta a gida, ko ni malaminku kada ku nuna mini. Wanda ya tarar da tasa tana nan yadda ta zo daga kamfani, don Allah ya canza ta a ranar, kada ya jira mu haɗu.